Ƙyauren da Ta Yi wa Ado

Shekarar da aka tura ni Wudil aikin ɗakin shan magani, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Duk abin da na mallaka akwatin ƙarfe ɗaya ne, da keke, da takardar shaidar cewa na iya wanke gyambo da yin lamba. Zamanin Turawa ne, saura 'yan shekaru a ba mu mulkin kai. Aka sauke ni a gidan wani dattijo dillalin shanu, can gefen gari ta wajen kogi. Ya yanke mini sashe guda, ɗaki biyu na ƙasa da ɗan tsakar gida mai bishiyar kurna.

Ban cika shekara ba na yi aure. Wata rana wata mata maginiyar tukwane ta zo da ƙuna a hannu, wutar gashin tukunya ta lashe ta. 'Yarta ce ta rako ta. Ƙunar da ya kamata a ce ta warke a mako biyu, sai da na yi wata guda ina cewa a dawo jibi in duba. Uwar ta gane. Bayan an yi girbi aka ɗaura mana aure da 'yar.

A lungun tsakar gidanmu akwai wani tsohon ƙyaure a jingine, wanda aka haɗa da katakon akwatin kananzir. Mai gidan ya cire shi tun da ya sa na kwano, ya bar shi nan kaji suna fakewa a bayansa. Ni dai ban taɓa yi masa kallo na biyu ba.

Kamar wata biyu da tarewa, na dawo daga aiki bayan azahar na yi sallama, na ji an amsa daga ƙarƙashin kurna. Na tarar da amarya a tsugune. Ta kwantar da ƙyauren nan a ƙasa, ta wanke shi fes da toka. A gefenta ga kasko da ƙaro a jiƙe, ga faifai cike da tarkace: ƙyallayen atamfa da tela ya yar, tsingaro, ɓawon makankari na bakin kogi, gashin zabo, da fasasshen madubi da bai kai tafin hannun jariri ba.

"Sannu da zuwa, Malam. Ya aiki? Ya rana?" in ji ta, tana ɗaga hannuwa sama don duk sun yi danƙo. "Ruwanka yana nan a randa, ka yi haƙuri in wanke hannu."

"Yauwa, sannu da gida. Me ake yi haka?"

Ta dubi ƙyauren, ta dube ni. "Ni ma ban sani ba tukuna."

"Ba ki sani ba, kuma kike yi?"

"In na gama zan sani."

Na yi dariya na shige ɗaki. Na ɗauka kaɗaici ne irin na amarya, an rabo ta da gidansu mai hayaniya an kawo ta inda daga ita sai kaji. Na ce a raina kwana biyu za ta gaji ta bari.

Ba ta bari ba. Da ta gama daka da girki da shara, sai ta jawo ƙyauren inuwa. Yadda take yi ma abin kallo ne. Ba ta gaggawar liƙa komai. Sai ta ɗauki ƙyalle ɗaya ta ɗora, ta ja da baya ta tsura masa ido, ta dawo ta gusa da shi kamar faɗin yatsa, ta sake ja da baya. Wani tsingaron yakan yi kwana uku yana yawo a kan ƙyauren kafin ta shafa masa ƙaro. In ta liƙa, sai ta danne da dutsen niƙa ƙarami har ya kama. Abin da ya yi wa ƙaro nauyi kuma, ta huda katakon da basilla ta ɗaure shi da zare ta baya. Tana yi tana ɗan guna-guni a maƙogwaro, ba waƙa ba ce, ba kuma magana ba.

Da yake ba ta fita sai da dalili, kayan da ke cikin gida ba su daɗe ba suka ƙare mata. Nan aka zo kaina. Wata safiya ina ɗaure ƙafar wando zan hau keke, ta biyo ni har bakin zaure.

"Malam, in ka ga wani abu ja a hanya ka taho mini da shi."

"Abu ja kamar me?"

"Ko mene ne. Amma ba ja irin na barkono ba. Ja mai duhu, irin na goro in an tauna."

Na tafi ina mamaki. A ranar nan lamba muka je yi Dagumawa, kuma wallahi tun daga fita gari har na isa, idona yana ƙasa. Ban taɓa sanin akwai ja iri-iri haka a duniya ba sai ranar. A dawowa na tsinci guntuwar fatar jima a ƙofar wani baduku, na duba hagu da dama, na cusa a aljihu. Da na miƙa mata, sai ta juya ta, ta shinshina, ta ce, "Ita ce kuwa." Daɗin da na ji ya fi ƙarfin abin da na kawo.

Daga nan aljihuna ya zama mangala. Marfin kwalba, takarda mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, kwalin magani da ya ƙare, wuri na dā da ba a ciniki da shi, guntun igiyar shanu daga kasuwar Juma'a. In wasiƙa ta zo ɗakin magani, sai in jiƙa ambulan in ɓanɓare kan sarkin in kawo mata. Ba ta taɓa liƙa fuskar da ke jiki ba. Da reza take bin gefe ta yanke baki-bakin nan mai haƙora, shi take so, ta jera shi kamar sawun tsuntsu.

Kunya nake ji, ba zan ɓoye ba. Ni da ake ce wa Malam, ina sa farin kaftani, a gan ni ina tsince-tsince a hanya? Akwai wani dattijo lebura da ke share mana ɗakin magani yana ɗebo ruwa. Rannan ya kama ni na sunkuya a bayan taga ina ɗaukar fasasshiyar kwalba mai ruwan ganye.

"Malam, me ya faɗi? Bari in taya ka nema."

Na rasa ƙaryar da zan yi, sai na faɗa masa gaskiya. Ya saurara yana kaɗa kai, bai yi dariya ba. Kashegari da safe na tarar da ƙulli a kan teburina. Na kwance, sai ga ɓawon kifi manya-manya, an wanke an shanya, suna sheƙi kamar azurfa.

"Ɗana masunci ne," in ji shi. "A kai wa amarya. In bai yi ba ta zubar."

Da damina ta kusa, rabin ƙyauren na sama ya cika. Na fara ganin abin da take nufi, ko kuwa in ce na fara ganin abin da ni nake gani, don ita ba ta taɓa cewa ga abin da ta zana ba. Tsingaro ja da baƙi a cunkushe a kusurwa ɗaya, na ce unguwarsu ce ta magina. Ƙyallaye kore da rawaya a shimfiɗe layi-layi, na ce gonakin fadama ne. Ta tsakiya kuwa ta bar wata hanya a karkace, katako tsirara, ba ta sa komai ba sai ɓawon kifin nan jefi-jefi. Wannan ko ba a faɗa ba kogi ne. Ta ce shuɗi take nema. Na kawo mata ƙyallen saƙi, ta ce ya yi duhu. Na kawo takardar da ake naɗe sukari, ta ce ba shi da rai. Na gaji na daina nema.

A cikin akwatina akwai wata taswirar duniya da na samu kyauta a makarantar Midil, shekarar da na zo na ɗaya a aji. Babba ce, an manna mata ƙyalle ta baya, tana naɗe kamar tabarma. Duk inda na je da ita nake tafiya. Na taɓa shimfiɗa mata ita a kan gado ina nuna mata ga Makka, ga ƙasar Turawa, ga mu nan ko ɗigo ba a yi mana ba. Na lura ba ta kallon inda yatsana yake, wani wuri take kallo, amma ban kawo komai a raina ba.

Wata Alhamis na dawo na tarar kogin jikin ƙyauren ya cika. Shuɗi ne mai haske, a yanke siri-siri an jera shi yana bin karkatar hanyar, ɓawon kifi yana leƙowa ta tsakani. Ya yi kyau ƙwarai. Na durƙusa in duba da kyau, sai na ga wasu 'yan layuka baƙaƙe sirara a jikin shuɗin, da rabin harafin boko. Na shiga ɗaki na buɗe akwati na warware taswirar. An yanke teku, daga ƙasa ta hannun hagu, fili kamar faɗin faifai.

Na fito da ita a hannu.

"Wa ya ba ki izinin buɗe mini akwati?"

Ta miƙe tsaye. "Malam, na duba da kyau, ba gari ko ɗaya a wurin. Ruwa ne zalla. Ban taɓa ƙasar kowa ba."

Yau in na tuna amsar nan dariya nake yi. A ranar kuwa ƙara tunzura ni ta yi. Na faɗi maganganu da yawa. Na ce ba ta san darajar ilmi ba. Na ce na zama abin dariya a gari saboda ita. Na nuna ƙyauren da ƙafa na ce, "Ki lalata mini abin da na sha wuya na samu, saboda wannan sharar?"

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma mayar mini da magana ba. Ta ce, "Ka yi haƙuri," ta sunkuya ta ɗaga ƙyauren ita kaɗai, ta kai shi lungun da ta same shi, ta jingine shi fuskarsa tana kallon bango. Ta kwashe faifan tarkacen ta juye a kwandon shara. Ta wanke kaskon ƙaro ta kife. Sannan ta kawo mini tuwo.

Mako uku gidan nan yana tsaf. Abinci a kan lokaci, kaftanina a wanke a buge, gaisuwa ba abin da ya ragu. Sai dai in na dawo, a zaune nake samunta a bakin ƙofa hannuwanta a kan cinya, ba ta yin komai. Guna-gunin nan ya ɗauke. Ni kuma fushina bai wuce kwana biyu ba, amma girman kai ya hana ni magana. Abin haushi, idona ya riga ya saba. Sai in hango wani abu a hanya, har na taka birki, sannan in tuna ba mai karɓa.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na bi ta unguwar magina in gaida surukata. Na same ta a bayan gida tana shafa wa tuluna jar ƙasa. Na tuɓe takalmi na durƙusa daga nesa. Ta ja mayafi ta kawar da fuska gefe, yadda take yi kullum in na zo.

"Inna, ina wuni? Ya gida? Ya aiki?"

"Lafiya lau, Malam. Ya mutanen gidan? Ya masu jiki?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya hannun?"

"Hannu ai ya daɗe da warkewa, kai ma ka sani."

Ta ci gaba da shafa. Can na daure na ba ta labari, ban rage komai ba, har kalmar da na faɗa. Ta ajiye tsumman hannunta.

"Ta yi laifi, taɓa kayan miji ba izini ba tarbiyyata ba ce. Zan yi mata faɗa." Ta ɗan nisa. "Amma yarinyar nan tun tana ƙarama haka take. In na gina tukunya na juya baya, sai in dawo in tarar ta danna mata tsakuwa da ƙwaryar gyaɗa da ɓawon ƙwai a wuya. In an gasa, duk sai su tsage. Na doke ta har na gaji. Rannan na kama ta ta liƙe bayan rumbu kaf da ganye da laka, na sa ta kankare da hannunta tana kuka. Daga ranar ban sake ganin ta yi ba. Da aka ce mini tana yi a gidanka, har kai ne mai tsinto mata, sai na ce to, Allah ya ba ta inda za ta sake. Ashe kai ma ka hana ta."

"Ban hana ta ba, Inna."

"To, ai shi ke nan."

Da na tashi tafiya, ta kira wata jikarta ta ce ta miƙo mini wani ɗan kwando. Fasassun tukwane ne a ciki, amma zaɓaɓɓu, masu zanen wuya, wasu baƙi ƙirin wasu ja. Daga gani an daɗe ana tara su.

"Na ajiye ne ko za ta aiko," in ji ta, har yanzu fuskarta tana gefe. "Ba ta aiko ba."

Na ɗaure kwandon a bayan keke na tura shi da ƙafa har gida, don kada su ƙara farfashewa. Na ajiye a gaban matata. Ta leƙa, ta gane hannun uwarta, ta ɗauki ɗaya tana shafawa da babban yatsa. Na shiga na ɗauko taswirar da reza na ajiye kusa da kwandon.

"Ga sauran tekun. Akwai da yawa ta hannun dama."

Ta ture ta a hankali. "Mayar da abinka akwati, Malam. Na yi kuskure da na yanka ban tambaye ka ba, kuma ba zan sake ba. Shuɗin da na samu ya ishe ni. Ba taswirar ce ta dame ni ba."

"Me ya dame ki?"

"Ka ce shara."

Na zauna a kan turmi. Ban saba ba wa mace haƙuri ba, ban ga mahaifina ya yi ba, ban ga yayyena sun yi ba. Amma na ce mata ba shara ba ne, na ce ranar da na fara ganin kogin nan kafin in gane da me aka yi shi, na tsaya ne saboda kyansa. Na ce ta yafe mini.

Ta dubi kaskon da ke kife, sannan ta ce, "Ƙaro ya ƙare."

Ban jira na sha ruwa ba na nufi kasuwa.

Aka ci gaba. Abu ɗaya ya canja: yanzu in na dawo nakan jawo kujera in zauna kusa da ita. Wani lokaci takan ce, "Nan ko nan?" in nuna, ta yi tunani, yawanci ta sa a inda ban nuna ba. Matan maƙwabta suka fara shigowa kallo. Wasu su riƙe baki, wasu su ce aikin aljanu ne, wasu kuma su dawo da abu a ƙulle a bakin zane. Matar mai gidanmu ta kawo guntun tangaran mai fure na kayan aurenta da ya fashe tun shekaru, ta ce a sa mata a wuri mai kyau, kuma duk wanda ta rako sai ta nuna masa da yatsa.

Ana cikin haka saƙo ya zo cewa mahaifina zai taho daga birni ya kwana biyu. Hankalina ya tashi. Mahaifina malami ne mai tsauri, bai yarda da hoto ba ko kaɗan. Hoton da aka ɗauke mu a makaranta ma ban taɓa barin ya gani ba. Na ce mata ko za mu shigar da ƙyauren ɗaki mu rufa masa zane har ya tafi.

"In ka ce a ɓoye, sai a ɓoye," in ji ta. "Amma in abin ɓoyewa ne, gara in sani yanzu in daina."

Na bar shi a inda yake, a jingine da kurna.

Baba ya iso da hantsi a motar kasuwa. Matata ta durƙusa daga bakin madafa, fuska a rufe, ta gaishe shi, ya amsa da tsawo, ya tambayi iyayenta ɗaya bayan ɗaya. Na shimfiɗa masa buzu a inuwa. Yana zama idonsa ya sauka a kan ƙyauren. Ya sha fura yana kallo. Ya ajiye ludayi yana kallo. Ni kuwa ina ta kawo labarin aiki da na damina. Can ya miƙe, ya matsa kusa, ya sunkuya yana bi daga sama har ƙasa, kamar mai duba rubutun ɗalibi.

"Wa ya yi wannan?"

"Ita ce, Baba."

Ya juya wajen madafa. "'Yata, akwai mai rai a ciki?"

Muryarta ta fito can ƙasa. "Babu, Baba. Ba ido, ba fuska."

"Akwai rubutu? Ba a dai sa sunan Allah a inda kaji za su taka ba?"

"Babu, Baba. Ina dubawa kafin in liƙa."

"To me ake yi da shi?"

Na buɗe baki zan amsa mata, ya ɗaga mini hannu.

"Ba a yin komai da shi, Baba," in ji ta. "In ina yi ne nake jin daɗi."

Ya koma ya zauna a kan buzu, bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba. Na kwana biyu ina jiran hukunci. Na dai lura bayan kowace la'asar yakan juya buzunsa ya fuskanci kurna yana jan carbi.

Ranar da zai koma, na ɗauki jakarsa muka kai bakin zaure, sai ya tsaya ya laluba aljihun rigarsa. Ya fito da 'ya'yan carbi guda uku na icce, sun yi santsi saboda daɗewa a hannu.

"Na tsohon carbina ne da ya tsinke," in ji shi, yana miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. "Can ƙasa ta hannun dama akwai wurin da ya yi fili da yawa. Ka ce mata in ta ga dama."

Da na dawo daga rakiya na ba ta, na faɗa mata abin da ya ce. Ta tafi ta tsaya gaban ƙyauren ta daɗe. "Baba ya fi ka ido," in ji ta. A nan ɗin kuwa ta sa su.

Sai da ta shekara biyu tana aikin nan. A tsakani ta haifi 'yarmu ta fari, ta tafi wankan gida ta dawo, ta ci gaba da goyo a baya. Ranar da ta ce ta gama, ba wani abu ta yi ba, ta wanke hannu ne kawai ta ce in kira kafinta ya kafa shi a ƙofar ɗakinta. Na ce rana da feshin ruwa za su lalata shi, gara a rataye a ciki.

"Ƙyaure ne," in ji ta. "A bar shi ya yi aikinsa."

Haka aka yi. Damina takan jiƙa ƙaron wasu abubuwa su zubo, gara ta ci wani gefe, 'yarmu da ta fara rarrafe ta ɓanɓare duk abin da hannunta ya kai. Ni abin yana ci mini rai, ita ko a jikinta. Duk inda ya faɗi sai ta sa wani abu dabam, har ya zama ƙyauren bana ba shi ne na bara ba.

A shekara ta biyar takardar canjin wurin aiki ta zo, aka mayar da ni wani gari can gabas. Muka ɗaure kaya. Mai gidanmu ya shigo yin sallama, ya tsaya gaban ɗakin yana shafa gemu, ya ce ƙyauren nan ai ya tashi daga nasa, a cire a tafi da shi. Na yi godiya har na aika a kira kafinta. Ita ce ta hana. Ta ce jijjigar mota za ta zubar da rabinsa kafin mu isa, kuma wanda zai gaje ni aiki an ce sabon aure ya yi, amaryarsa za ta shigo garin da ba ta san kowa ba. Ta bar kaskon ƙaro a kife a bakin ƙofa, da sauran ƙullin tarkace a ƙarƙashinsa.

Da safe muka hau babbar mota, ni da ita da yarinya a gaba kusa da direba. Na zaci za ta yi kuka in mun hau gada, don daga nan ana hango hayaƙin gashin tukwane na unguwarsu. Ta dai kalla har ya ɓace, ta goge ido da bakin mayafi sau ɗaya. Mun ɗan yi nisa sai na ji ta taɓa ni da gwiwar hannu. Ta nuna mini ƙasa da ido. Kusa da ƙafar direba akwai wani yankin roba ja na cikin taya, wanda ake yanka a yi faci.

"Tambaye shi ko yana so," ta raɗa mini.

Na yi gyaran murya na tambaya. Direban ya dubi robar, ya dube ni da farin kaftanina, ya ce, "Malam, taya gare ka?"

"A'a, uwargida ce ke so."

Ya sunkuya da hannu ɗaya a kan sitiyari ya ɗauko ya miƙo. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta kakkaɓe ƙurar, ta ƙulle a bakin zane. Sannan ta tambaye ni ko a garin da za mu ana samun ƙaro. Na ce mata ai daga can ake kawo shi.